TATSUNIYAR DA BARCI YA HANA NI JI

 Yau ba maganar samari zan yi muku ba, ku yi haƙuri da ni.

Ina aji uku a sakandare kakarmu ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Akwai wata tatsuniya da takan yi mana ta yarinyar da ta ƙi duk manemanta har ta auri dodo ba ta sani ba. A tsakiyarta akwai waƙa, in ta zo wurin sai ta rage murya, mu kuwa mu rinƙa cusa kai jikinta don tsoro. Kullum barci ke sace ni kafin ƙarshe, kullum in ce gobe zan ji. Daga baya na bi gwaggonnina uku da tambaya, kowacce ta kawo guntu, babu wadda ta riƙe waƙar. Ta tafi da abarta.

Shi ya sa abin da 'yar yayana ta yi a hutun da ya wuce ya tsaya mini a rai. Malamin Hausa ya ba su aiki, kowacce ta rubuto tatsuniya ɗaya daga bakin tsohuwa. Ƙawayenta suka buɗe littafi suka kwafe abinsu. Ita kuwa sai ta ari wayar mamanta ta nufi ɗakin kakarta ta wajen uwa, rana tsaka. Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, tatsuniya da rana? So kike ki ɓata a hanya?" Dole ta dawo bayan isha'i, da ɗan goronta a hannu.

Ruwan Bagaja aka fara yi mata. Yarinya ta yi sororo, don ita a saninta wannan sunan littafin Abubakar Imam ne kawai. Ashe tatsuniya ce tun ta kaka da kakanni, ta 'yar bora da 'yar mowa, wadda ake gamuwa da cinya da kare a hanya, ladabi ya fitar da ɗaya, rashin kunya ya kai ɗaya ya baro. Shi kansa Imam yana ɗan shekara 22 ya ari sunan ya rubuta nasa labarin daban a gasar 1933.

To amma ku lura da wani abu. Tatsuniya sana'ar mata ce, a ɗakin tsofaffi take kwana, sai dai galibin waɗanda suka fara sa ta a takarda maza ne. Wani Baturen mulki, Frank Edgar, ya buga manyan littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuto masa da ajami ya juya zuwa boko. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya, tun bai kai shekara talatin ba, ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni da iyayenmu suka karanta a firamare. Allah Ya saka musu. Sai dai takarda ba ta ɗaukar murya. Ba za ta nuna miki tsamin bakin Gizo ba, balle karin waƙar gaɗa da yadda ake tafa mata. Kuma namiji komai iliminsa, a zaure yake tsayawa.

Ga shaida. A 1949 wani Bature mai bincike ya zauna a ƙasar Zazzau, cikin gida ya gagare shi saboda ba shiga. Matarsa Mary Smith ce ta samu shiga wajen mata, har ta saba da wata dattijuwa, Baba mutuniyar Karo, wadda aka haifa wajen 1877. Baba ta zauna ta ba ta tarihinta kaf: harin kamun bayi da ta tashi ta tarar, zuwan Turawa, aurenta huɗu, yadda ake ƙulla ƙawance, kunyar ɗan fari, hidimar biki da wankan jego. Ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, ba ta ma gan shi ba. Har yau masu nazari suna komawa gare shi. Sai da baƙuwa ta tsallako teku aka tsinci muryar mace ɗaya. Ke kuwa 'yar uwa, ko sallama ba sai kin yi sau biyu ba a ƙofar ɗakin kakarki, ga wasan jika da kaka, abin da za ta ɓoye wa 'yar cikinta ke za ta faɗa miki tana dariya.

Abu ɗaya na ja wa 'yar tamu kunne a kai. Ranar da hira ta yi daɗi tsohuwa ta zarce da labarin zamanta da kishiyoyi, yarinya har tana shirin turawa ƙawaye. Na ce kul! Wannan amanar gida ce. A nemi izini kafin a ɗauka, a sake nema kafin wani ya ji. Na kuma sa ta rubuta garin da kakar ta tashi a gefen kowane labari, don yadda ake yin tatsuniya a Kano ba lallai ya zama haka ake yin ta a Katsina ko Damagaram ba.

Yanzu ta tara guda goma sha ɗaya, da waƙoƙin daka biyu, ta cika rabin littafin rubutu. Ran Juma'a ta shigo mini da gudu, wai, "Gwaggo, an yi mini ta dodon nan taki!" Muka zauna a tabarma ta kunna. Da aka zo wurin waƙar gabana ya faɗi, na kasa kunne. Ba irin ta kakarmu ba ce, karin daban, kalmomin daban. Amma na zauna har tsohuwa ta ce ƙurunƙus, na ji yadda ƙanin yarinyar ya bi sawu ya kuɓutar da ita. Na ce ta mayar baya ta sake kunna mini.