Siririn Fileks ɗin da Ke Riƙe da Ran Waya Mai Naɗewa

Duk wayar salular da ake buɗewa a rufe gida biyu gare ta, kuma tilas wuta da saƙonni su riƙa ƙetarawa daga wannan gida zuwa wancan ta cikin gaɓar da ba ta zama wuri ɗaya. Matsalar ta daɗe. Kamfanin Motorola ya fito da StarTAC a 1996, sannan a 2004 ya saki RAZR V3, wadda ita da ƙannenta aka sayar da sama da miliyan 130. A cikin gaɓar kowacce akwai wani siririn ƙyalle mai ruwan zuma wanda masu gyara a Farm Centre ta Kano da sauran kasuwannin waya ke kira fileks. Wannan ƙyalle yana da adadin lanƙwasar da zai iya jurewa, daga nan ya ƙare. Don haka kamata ya yi a ɗauke shi a matsayin kayan da ke cinyewa kamar batir, a ƙera waya ta yadda za a iya sauya shi, a kuma faɗa wa mai saye gaskiyar lamarin.

Fileks roba ce mai jure zafi da ake kira foliyimid, an shimfiɗa mata layukan jan ƙarfe masu kaurin maikiron 18 ko ƙasa da haka, alhali silin gashin mutum kan kai kusan 70. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa murfin gwangwanin madara gaba da baya har ya ɓalle ya san cutar da ke kama ƙarfe: kowace lanƙwasa tana barin ƙaramar tsaga da ido ba ya gani, tsagogin su yi ta haɗuwa har layin ya tsinke. Injiniyoyi ba su iya kawar da wannan ba, jinkirta shi suka yi, kuma dabarunsu abin yabo ne. Suna zaɓar jan ƙarfen da aka murje aka gasa, domin ƙwayoyinsa a kwance suke, sun fi na wanda aka zuba da lantarki juriya. Suna ajiye layukan a daidai tsakiyar kaurin ƙyallen, inda ba ja ba matsi, tunda in abu ya lanƙwashe bayansa ne ke miƙewa, cikinsa kuma ya takure. Sannan ba sa barin ƙyallen ya karye a wuri ɗaya. Sai su nannaɗe shi a kewayen sandar gaɓar, ta yadda buɗe waya zai ɗan sassauta naɗin kawai, rufe ta kuma ya ɗan ɗaure shi. Wayoyin da kansu ke juyawa ta fuska biyu, irin Nokia N90 ta 2005, sun ƙara wahalar aikin, domin ƙyalle mai faɗi yana yarda da lanƙwasa amma ba ya son murɗa. A irin waɗannan gaɓoɓi akan koma ga damin sirarran kebul masu sulke, a zura su ta ramin da ke tsakiyar gaɓar.

Yawan layukan ma ya zama kaya. Sikirin mai launi 262,144 yana bukatar layi 18 domin launi kaɗai, kafin a zo ga kyamara da sifika da fitila, ga shi kowane layi da aka ƙara wata ƙofar lalacewa ce. A 2003 kamfanonin ARM da Nokia da STMicroelectronics da Texas Instruments suka kafa ƙungiyar MIPI, wadda ƙa'idojinta suka sa ana jera bayanan hoto ɗaya bayan ɗaya da gudu a kan layuka 'yan kaɗan. Masu ƙera wayoyin sun san sarai inda raunin yake.

Wani zai ce ai an wuce wannan zamani, tunda Samsung ya bayyana cewa Galaxy Fold na jure naɗewa 200,000, wato sau 100 kullum har fiye da shekara biyar. Alƙalumman ba ƙarya ba ne, sai dai na ɗakin gwaji ne, inda na'ura ke buɗe waya a tsanake cikin iska mai tsabta. Ita wannan wayar ce aka ɗage fitowarta daga Afrilu zuwa Satumba na 2019, bayan waɗanda aka raba wa 'yan jarida sun samu matsala, har da wadda datti ya shiga ta gaɓarta ya taɓa sikirin. A wancan karon sikirin ne ya lalace, amma hanyar da dattin ya bi ita ce ɗakin da fileks ke kwana. Ko Fold6 ta 2024 shaidar IP48 ta samu, ma'ana tana tare abin da ya kai milimita 1 ne, ƙurar hunturu kuwa ta fi haka laushi nesa ba kusa ba. Ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale inda ƙyallen ke gogawa, sai ta ci rufinsa a hankali. Alamomin sanannu ne ga masu gyara: waya na aiki in an buɗe ta rabi, da an miƙar da ita sai fuskar ta yi fari fat ko ta ɗauke, ko sifikar kunne ta yi shiru, alhali shi kansa sikirin lafiya lau yake.

Akwai kuma masu ganin a raba gari da fileks ɗin baki ɗaya. Zobba masu goga juna, irin na manyan injuna masu juyawa, suna cinyewa kuma suna jirkita saƙo mai sauri. Aika hoto ta haske ko ta iska zai iya yiwuwa, amma wayoyin yanzu sukan raba batir gida biyu, ita kuwa wutar caji jan ƙarfe take so. Fileks na nan daram, a nan kusa dai.

Tunda haka ne, hujjar da ta rage wa kamfanoni ita ce gam ɗin da ke hana ruwa shiga shi ke sa buɗe waya ya yi wuya. Wannan gaskiya ne, amma bai wajabta a haɗe fileks da gaɓa da sikirin su zama kaya guda ba, ta yadda tsinkewar layi ɗaya za ta jawo sayen abin da ya fi komai tsada a jikin wayar. Tarayyar Turai ta fara aiki da doka a watan Yuni na 2025 wadda ta tilasta wa kamfanoni samar da kayan gyaran waya har shekara 7 bayan daina sayar da ita. Wayoyi masu naɗewa sun iso kasuwanninmu, har Tecno ya fito da Phantom V Fold a 2023, kuma mu mukan riƙe waya da daɗewa, mu kuma sayi ta hannu. Ya dace hukumomin kare masu saye a Nijeriya da Nijar su nemi irin wannan sharaɗi. Kai kuma mai saye, kafin ka miƙa kuɗinka, tambayi dillali ko garanti ya haɗa da gaɓa, ko ana samun fileks ɗinta shi kaɗai, da kuma nawa ake sauya shi.