Matsalar Sunan Babbar Manhaja a Shirin Harhaɗa Emacs

1.0 Gabatarwa

A cikin wannan takarda za mu dubi wata kalma guda wadda ta ta da ƙura a shekarar 1996 tsakanin masu rubuta manhaja mai 'yanci, watau manhajar da kowa yake da ikon karanta rubutunta na tushe, ya gyara, ya kuma rarraba. Kalmar ta fito ne a shirin harhaɗa Emacs, manhajar nan ta rubutu da gyaran rubutu wadda Richard Stallman ya fitar ƙarƙashin aikin GNU a 1985.

2.0 Aikin Sunan

Wanda ya ɗauko rubutun tushen Emacs tilas ne ya harhaɗa shi kafin ya yi aiki a kwamfutarsa. Matakin farko shi ne tafiyar da wani shiri mai suna configure, shi kuwa sai ya kira config.guess domin ya gano irin na'urar da ake kai. Amsar takan zo da gaɓoɓi haɗe da karan ɗori, alal misali x86_64-pc-linux-gnu: irin ƙwaƙwalwar na'ura, sa'an nan maƙerinta, sa'an nan babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Da wannan suna ne ake zaɓen umarnin da ya dace da kowace na'ura. Ke nan ba mutum kaɗai ke karanta shi ba, har da ita kanta kwamfutar, ita kuwa ba ta san uzuri ba. Harafi ɗaya ya sauya, ta ɗauka wani abu ne dabam.

3.0 Daga linux zuwa linux-gnu

An yi shelar aikin GNU a 1983 da nufin gina cikakkiyar babbar manhaja mai 'yanci. Kafin 1991 an kammala sassa da dama, amma cibiyar da za ta riƙe su, watau Hurd, ba ta kammalu ba. A wannan shekara ce Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya fitar da tasa cibiyar, Linux. Mutane suka haɗa ta da kayan GNU, suka kira duka ginin Linux. Stallman ya ga an yi tuya an manta da albasa.

A watan Mayu na 1996 ya fitar da Emacs 19.31, inda aka maye gurbin linux da lignux, watau aka cusa GNU a tsakiyar kalmar. Abin bai karɓu ba. Wasu sun ga cin fuska ne ga Torvalds, amma a ganinmu ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na aiki: duk umarnin da aka rubuta yana jiran ganin linux ba zai gane lignux ba. A fitowa ta 19.32 aka koma linux-gnu, wadda ta bar tsohuwar kalmar a gaba yadda take. A cikin Emacs kanta kuwa, sunan da system-type ke bayarwa shi ne gnu/linux. Irin wannan kula da suna ce ma ta sa Emacs take rubuta w32 maimakon win32, domin kada a jingina wa Windows kalmar da ke nufin nasara da Ingilishi.

Abin lura shi ne, ƙarin da aka yi domin neman haƙƙi ya zo ya sami aiki na zahiri. Daga baya an sami manyan manhajoji masu cibiyar Linux waɗanda ba sa amfani da taskar umarnin harshen C ta GNU. Alpine tana amfani da musl, Android kuma da Bionic, shi ya sa ake da linux-musl da linux-android. Gaɓar ƙarshe ita ce yanzu take shaida wa configure taskar da zai tarar. Da Emacs 30 ta fito a 2025 da sigar Android, system-type a can android yake bayarwa, ba gnu/linux ba, ko da yake cibiyar Linux ce a ƙasa.