Agwagwa da Ruwa: Haƙƙin da Mai Kiwo Yake Mantawa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina da damina, ya ratsa Kankiya ko ya karkata zuwa ƙauyukan Kusada, zai ga agwagi suna facaka a kududdufai. Galibinsu irin da masana ke kira Maskobi ne, wanda asalinsa daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake. Macen takan kwanta kan ƙwai kwana 35, alhali kaza kwana 21 take yi.

Matsala tana tasowa ne idan kiwo ya zama na kasuwa, aka kulle agwagi a akurki da mashayar kaji. Agwagwa tana bukatar ruwan da za ta nutsa kanta duka, domin da shi take wanke hanci da idanu, take kuma gyara gashinta. Idan ta rasa, sai idanu su yi kwantsa, hanci ya toshe. Bugu da ƙari, tsuntsu ba ya gumi. Haki yake yi ya rage zafi. Saboda haka cunkusa agwagi cikin kwando da tsakar rana, ko rataye su kai ƙasa a babur, kan halaka su kafin a isa kasuwa.

A Ingila, rahoton Brambell na 1965 ya zama tushen haƙƙoƙi biyar na dabbar kiwo: kariya daga yunwa da ƙishirwa, takura, ciwo, da tsoro, sannan sakewa ta yi ɗabi'arta. A 1999 Majalisar Turai ta shawarta cewa agwagwar da ba ta da wurin wanka a ba ta ruwan da zai rufe kanta. A Arewa kuwa, dokar Final Kot da ta fara aiki a 1960 ta haramta azabtar da dabbar gida.

Lamarin ya shafi lafiyar mutane ma. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a Jaji, Jihar Kaduna, karon farko a Afirka. Agwagwa kan ɗauki ƙwayar cutar ba tare da alama ba, ta baza ta cikin kashinta. Don haka ya kamata mai kiwo ya raba agwagi da kaji, ya riƙa canza ruwan kwatarniya kullum, ya samar da inuwa, ya kuma sanar da malamin dabbobi da zarar mace-mace suka fara.