Endgame: Fim ɗin da ya tsaya inda aiki ya fara

A cikin finafinan da aka yi a kan ƙarshen mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, Endgame na 2009 ya fita daban, domin bai ɗora nauyin labarinsa a kan Nelson Mandela ba. Darakta Pete Travis ya kai kyamararsa wani babban gida mai suna Mells Park a yankin Somerset na Ingila, inda tsakanin 1988 da 1990 aka riƙa ganawa a asirce tsakanin wakilan ƙungiyar ANC mai yaƙi da wariya da ke gudun hijira da wasu fitattun Turawan Afirkana. An ciro labarin ne daga littafin Robert Harvey, The Fall of Apartheid.

Wanda ya haɗa zaman, Michael Young, ma'aikacin kamfanin haƙar zinariya ne na Consolidated Gold Fields, kuma kamfanin ne ya ɗauki ɗawainiyar. Ba don Allah ya yi ba. Garuruwan baƙar fata na ci da wuta, an kafa dokar ta-ɓaci, bankunan waje sun fara rufe jakarsu tun 1985, majalisar Amurka kuma ta tsallake ƙin amincewar Shugaba Reagan ta ƙaƙaba takunkumi a 1986. Mai dukiya a ƙarƙashin ƙasa dole ya san wanda zai mulki bisanta gobe.

Gishirin fim ɗin mutum biyu ne: Thabo Mbeki na ANC, wanda Chiwetel Ejiofor, ɗan asalin Najeriya haifaffen Landan, ya fito a matsayinsa, da Farfesa Willie Esterhuyse na Jami'ar Stellenbosch, wanda William Hurt ya taka. Esterhuyse ya taso ana ce masa ANC 'yan ta'adda ne kuma 'yan kwaminisanci, Thabo kuwa mahaifinsa Govan Mbeki ya shafe fiye da shekara ashirin a tsibirin Robben. Ga kuma wani ƙulli: Esterhuyse yana kai rahoton duk abin da aka tattauna ga Niel Barnard, shugaban hukumar leƙen asirin gwamnati. Mbeki ya sani, bai kuma fasa zaman ba, don ya gane cewa ta bakin farfesan maganarsa ke isa kunnen gwamnatin Pretoria. A nan fim ɗin ya nuna ƙwarewa. Ba a ɗaga murya sosai. Sai ka ga mutum ya ɗauki kofi ya ajiye bai kurɓa ba, ko ya yi shiru kafin ya amsa, ka fahimci cewa abin da ke kan teburin tsoro ne: Bature na tambayar me zai same shi ran da ya saki ragama, Mbeki kuma na tsoron mutanensa su ce ya sayar da su a falon Ingila.

Ana cikin haka gwamnatin P.W. Botha na buga wani wasan. A Disambar 1988 aka mayar da Mandela wani gida a harabar kurkukun Victor Verster, da wurin wanka na ninƙaya da mai dafa masa abinci, da fatan a raba shi da shugabannin ANC irin su Oliver Tambo da ke Lusaka. Dabarar ba ta ci ba. Botha ya kamu da shanyewar jiki a farkon 1989, F.W. de Klerk ya gaje shi, ranar 2 ga Fabrairun 1990 ya ɗage haramcin ANC, ranar 11 ga wata kuma Mandela ya fito bayan shekara 27.

To, a nan fim ɗin ya naɗe tabarmarsa, a nan kuma nake da ƙorafi. Sakin fursuna daban, miƙa mulki daban. Shekara huɗun da suka biyo baya su ne mafi zubar da jini: rikicin ANC da jam'iyyar Inkatha, kisan Boipatong a Yunin 1992 wanda ya sa ANC ta fice daga taron sasantawa na CODESA, da harbe jigon ANC Chris Hani a Afrilun 1993, lokacin da saura ƙiris ƙasar ta kama da wuta. Cinikin gaske Cyril Ramaphosa na ANC da Roelf Meyer na gwamnati ne suka yi shi, bisa shawarar Joe Slovo na ɓangaren ANC cewa a yi gwamnatin haɗin gwiwa ta ɗan lokaci, a kuma bar tsofaffin ma'aikatan gwamnati a kan kujerunsu. Da wannan farashi aka kai ga zaɓen 27 ga Afrilun 1994. Ƙuri'a ta koma hannun masu rinjaye, amma gonaki da ma'adinai galibi suka zauna inda suke, kuma har yau ana gardamar filaye a can.

Haka kuma wanda ya kalli fim ɗin kaɗai zai ɗauka hira ce ta kayar da wariya. Bai ga yaran Soweto na 1976 ba, bai ga yajin aikin masu haƙar ma'adinai na 1987 ba, balle sojojin Kuba a Angola. Mu ma muna da hannu a ciki: Mbeki ya taɓa zama a Legas a matsayin wakilin ANC, Najeriya ta ƙwace kadarorin kamfanin mai na BP a 1979, Janar Obasanjo kuma ya ziyarci Mandela a kurkukun Pollsmoor a 1986 cikin tawagar ƙasashen renon Ingila. Sai da gwamnatin wariya ta ji jiki kafin ta yarda a zauna.

Duk da haka Endgame ya cancanci a kalle shi, musamman ga ɗaliban siyasa da masu aikin sasanci a yankunanmu. Sai dai duk malamin da zai nuna shi a aji, ya haɗa wa ɗalibansa da tarihin 1990 zuwa 1994.