Yadda kuskuren jiya a Turanci ke zama daidai a ƙamusun yau

Ba a rasa gardama kan rubutun Turanci a ofisoshinmu. Ƙaramin ma'aikaci zai rubuta "organize", maigidansa ya sa jan biro ya mayar da ita "organise". Sakatariya ta buga "colour", kwamfuta ta ja wa kalmar jan layi domin a kan Turancin Amurka aka saita ta. Kowa na ganin ɗan'uwansa ne ya yi kuskure, alhali dukkan siffofin nan suna cikin ƙamus.

Tushen lamarin shi ne Turanci ba shi da wata hukuma da ke yanke masa hukunci. Faransa ta kafa majalisar kula da harshenta tun 1635, amma Ingila ba ta taɓa yin haka ba. Aikin masu haɗa ƙamus shi ne bin diddigin abin da jama'a ke faɗa da abin da suke rubutawa a jaridu da littattafai. Idan wata siffa ta yaɗu, ta kuma daɗe a hannun mutane da yawa, sai su shigar da ita.

Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a Landan a 1755, ya taimaka wajen daidaita rubutun Ingila. A 1828 kuma Noah Webster ya fitar da babban ƙamusunsa a Amurka, inda ya fifita "color" da "center" a kan "colour" da "centre". Amurkawa suka karɓa. Sai dai Webster ɗin ya so a riƙa rubuta "tung" a madadin "tongue", jama'a suka yi biris da shi, shawarar ta bi ruwa. Ke nan ko mai ƙamus ba ya iya tilasta abin da mutane suka ƙi. Shi kuwa maigida mai jan biro, ya kamata ya sani cewa maɗaba'ar Jami'ar Oxford, a tsakiyar Ingila, "organize" take rubutawa har gobe.

Wasu kalmomin ma kuskuren ji ne ya haife su. Rigar da mai girki ke ɗaurawa a gaba, asalin sunanta "napron". Da yake ana cewa "a napron", kunne ya riƙa jin "an apron", har harafin farko ya ɓace. Kalmar "nickname", wato laƙabi, akasin haka ya same ta: daga "an ekename" ta samo harafin da ba nata ba. Yau wanda ya rubuta tsohuwar siffar shi za a gyara wa.

Wannan hanya ce Turancin Najeriya ya bi. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya sanar da shigar da kalmomi 29 daga ƙasar nan, ciki har da "okada" da "danfo" da "Kannywood" da "next tomorrow", wadda malaman makaranta suka daɗe suna sokewa idan ɗalibi ya yi nufin jibi. A farkon 2025 aka sanar da ƙarin wasu 20, har da "japa" da "suya". Masu tsire ba su rubuta wa kowa takardar roƙo ba. Yawan amfani ne ya kai kalmar can.

Amma shiga ƙamus ba lasisi ba ne na amfani da kalma a ko'ina, kuma a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Ƙamus yakan liƙa wa kalma alama: wannan ta Najeriya ce, wannan ta hira ce, wannan ba ta cikin daidaitaccen harshe. Merriam-Webster na ɗauke da "irregardless", amma ya bayyana cewa ba daidaitacciya ba ce, ya kuma ba da shawarar a yi amfani da "regardless". A ganina, mai rubuta wasiƙar ofis ya zaɓi salo ɗaya, na Ingila ko na Amurka, ya tsaya a kansa daga farko zuwa ƙarshe. Cakuɗa su a shafi ɗaya ne ke nuna sakaci.

'Yan kasuwa kuma su lura da "severally". A bakin ɗan Najeriya tana nufin sau da yawa, kuma Oxford ya amince da wannan ma'ana a jerin 2020. Amma a harshen shari'a ma'anarta kowa shi kaɗai. Idan mutum uku suka karɓi bashin banki, takardar ta ce za su biya "jointly and severally", to banki na da ikon bin mutum ɗaya daga cikinsu dukkan kuɗin, ko da sauran biyun sun tsere.