Tantance Naman Kaza ta Hanyar Launin Ƙurar Irinsa

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, "Kama da wane ba ta wane." Wannan karin magana ya dace ƙwarai da sha'anin naman kaza, domin wanda ake ci da mai dafi, watau laimar kwaɗi, sukan yi kama har su ruɗi mai tsinka. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata hanya mai sauƙi da masana ke bi wajen rarrabe su.

Ƙurar iri

Naman kaza ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Yana yaɗuwa ne ta wata ƙura da ke zubowa daga tsage-tsagen da ke ƙarƙashin hularsa. Ƙwayoyinta ƙanana ne ainun. A wasu ire-iren sai an jera kusan 100 kafin su cika milimita guda. Ido ba ya ganin ƙwara ɗaya, amma in sun taru launinsu kan fito sarai. A kan wannan launi ne masanin nan na ƙasar Suwidin, Elias Fries, ya dogara wajen karkasa naman kaza a littafinsa na 1821.

Yadda ake yi

Za a sami naman kaza wanda ya ƙosa, bai kuwa bushe ba. A yanke karan, a kifa hular bisa takarda mai rabi fari rabi baƙi, don kowane launi ya bayyana. A ɗiga ruwa kaɗan a kanta, a kife da kofi saboda iska, a bari ta kwana. Da safe in an ɗaga, za a tarar ƙurar ta zana siffar tsage-tsagen, kamar wayoyin ƙafar keke.

Abin da launi ke nunawa

Alal misali, Chlorophyllum molybdites, wanda ke tsirowa cikin ciyawa da damina a ƙasashe masu zafi, yana kama da Macrolepiota procera da ake ci. Na farkon ƙurarsa koriya ce, yana kuma sa amai da gudawa cikin 'yan sa'o'i. Na biyun tasa fara ce. Haka nan Volvariella volvacea, abincin mutanen Asiya, ƙurarsa ruwan hoda ce, alhali Amanita phalloides mai kama da shi tasa fara ce. Wannan na ƙarshe yana lalata hanta, kuma ya hallaka baƙi 'yan Asiya a Amurka da suka ɗauke shi na gida ne.

Kammalawa

Mai karatu zai lura cewa farar ƙura ta fito a wanda ake ci, ta kuma fito a mai kisa. Ashe launi shaida guda ne kawai. Wajibi ne a haɗa shi da duban gindin karan, da zoben da ke jikinsa, da wurin da ya tsiro. Wanda aka yi shakkarsa kuwa, kada a kai shi tukunya.