Motar da Ke Cin Batir: Ina Ainihin Laifin Yake?

Akwai motar da za a sa mata sabon batir yau, kafin wata uku ta sake wayar gari ba ta tashi ba. Sai a ce altaneta ce, a sayo 'yar Kwatano a ɗaura, ta ɗan yi lafiya, sannan wata safiya a murza makulli a ji kika tana ƙas-ƙas. Mai mota ya kashe kuɗi sau biyu, kuma har yanzu ba wanda ya ɗora mita a kan motar. Abin da ya fi damuna ke nan a gyaran wutar mota: ana sauya kaya bisa zato, alhali awon da zai fito da gaskiya ba ya cin rabin awa.

Batirin mota, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro asalinsa a 1859, ɗakuna shida ne na dalma da ruwan asid, kowanne yana ba da kimanin volt 2.1. Babban aikinsa shi ne ya juya kika. Da inji ya tashi, altaneta ce ke ɗaukar nauyin fitilu da fanka da na'urar sanyaya mota, ta kuma mayar wa batir abin da ya kashe. Ta fara ture tsohuwar dainamo ne tun da kamfanin Chrysler ya sa ta a motarsa Valiant a 1960, domin ita tana caji ko da inji yana silo. Wutar da take haifarwa mai kai da komo ce, sai dayod shida su miƙar da ita hanya ɗaya, sannan abin da masu rewaya ke kira ayisi ya tsare ƙarfinta kada ya wuce kima.

Batir da altaneta kowanne yana iya kashe ɗan'uwansa, shi ya sa ciwon ke dawowa. Batirin da ɗaki ɗaya ya mutu a cikinsa kamar tulu ne mai yoyo: altaneta za ta yi ta ɗura masa wuta da iyakar ƙarfinta, ta yi zafi, dayod ɗinta su ƙone. Ita kuma altaneta mai rauni takan bar batir kullum a rabin caji, har wani gishiri ya daskare a jikin dalmar, daga nan ba zai ƙara cika ba. In ayisi ya lalace ta ɗaya ɓangaren, wuta ta haura volt 15, ruwan batir zai tafasa, a ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, wani lokaci har jikinsa ya kumbura. Zafin Maris da Afrilu yana ƙara gaggauta ƙafewar ruwan. Duk wanda aka sauya aka bar ɗayan ba a auna ba, sabon ma zai bi sahun tsohon.

Awon farko a yi shi bayan mota ta huta. Batir mai cikakken caji zai nuna volt 12.6; in ya nuna 12.2, rabi ne ya rage. A sa wani ya murza makulli ana kallon mita: in ya faɗo ƙasa da 9.6, batir ya gaji. Inji ya tashi, a sa ran ganin tsakanin 13.8 da 14.5, sannan a kunna manyan fitilu da fanka a ga ko za ta riƙe. Wasu motocin zamani, irin na Honda, sukan rage caji da gangan zuwa wajen 12.5 idan ba a jan wuta, don haka kada a yanke wa altanetarsu hukunci sai an ɗora mata nauyi.

Sau da yawa dukansu biyu lafiyarsu ƙalau, laifin yana hanyar da ke tsakaninsu. A duba kan batir da kyau. Farin garin nan mai ratsin shuɗi da ke taruwa a kansa, da kan da ya saki aka cusa masa ƙusa don ya kama, da wayar da ke haɗa batir da jikin inji wadda ta yi tsatsa a gindin noti, kowannensu yana tare wuta. Inji yana aiki fitilu a kunne, a ɗora tsinken mita ɗaya a jikin altaneta, ɗaya a kan batir mai alamar ragi. In an ga fiye da volt 0.2, wayar na cinye caji a hanya. Fambel mai santsi da man inji da ke ɗiga cikin altaneta daga gaskit su ma sukan yi wannan ɓarna. A tsofaffin motoci kuwa, ɗan ƙwan nan mai hoton batir a dashbod shi ke ba altaneta wutar farko. In ya mutu tana iya ƙin caji gaba ɗaya.

Sai motar da ke caji daidai da rana amma ta kwana ta mutu. Wannan akwai mai satar wuta da dare. Bayan an kashe komai an jira na'urori sun kwanta, abin da mota ke ja bai kamata ya wuce miliamfa 50 ba. In ya wuce, a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har adadin ya faɗo. Rediyo ko na'urar bin sawun mota da aka jona kai tsaye a batir su ne suka fi yin haka. In an zare fis duka bai faɗo ba, a cire babbar wayar altaneta, domin dayod da ya huje yakan bar wuta ta koma baya.

Abu ɗaya nake roƙon masu rewaya su daina: zare kan batir inji yana aiki don a ga ko mota za ta mutu. Zamanin dainamo ne aka gaji wannan gwaji. Batir shi ke shanye tsallen wuta, kuma da an zare shi wutar tana iya haurawa nan take ta ƙona ƙwaƙwalwar mota, wadda kuɗinta ya ninka na mita sau da yawa. Altanetar da dayod ɗinta ɗaya ya mutu ma tana iya riƙe inji a wannan gwaji, a ce lafiyarta lau, mai mota ya tafi ya dawo bayan mako biyu ana tura shi.